MALAMIN DA YA BI SAWUN MANOMI DA LEBURA

Ga laccar da akawun jam'iyyarmu ya yi a Gulma, ƙasar Argungu, da la'asar bayan an tashi kasuwa. Mun buga ta duka kamar yadda ya yi ta.

 

Yau labarin wani malami na kawo muku. Ko da ya ke a Gulma mu ke, ba gulmarsa za mu yi ba, abin da ya rubuta da hannunsa za mu duba. Dalilin da ya sa na zaɓo shi kuwa, kun sani a 'yan shekarun nan kowa ya zo garin nan da mota, abin da ya ke gaya mana guda ne: ku kafa ƙungiya. Masu shinkafa su yi tasu, masu albasa su yi tasu, teloli da 'yan dako da 'yan kabu-kabu kowa da tasa. A karɓi kuɗin rajista, a ɗauki hoto, a ba ka kati. To, wanda ya ba da kuɗinsa yana da ikon tambaya, shin ƙungiyar nan ta wa ce? Ta wanda ya biya ce, ko ta wanda ya karɓa? Malamin nan ya yi shekara wajen hamsin yana bin wannan tambaya, daga gonakin koko na Gana har zuwa masaƙun Kaduna, kuma hanyarsa ta biyo ta bakin gulbin nan namu.

Sunansa Bjorn Beckman, mutumin ƙasar Suwidin ne, can arewacin Turai inda sanyi ya ke daskarar da ruwa. An haife shi cikin 1938, ya rasu cikin watan Nuwamba 1919 da ɗari, watau 2019. Ilmin siyasa ya karanta, amma inda ya fi ba da ƙarfi shi ne sha'anin ma'aikaci da mai ba shi aiki. Wannan fanni ne guda a jami'a, mutum ya kan tsufa a cikinsa. Abin da a ke bincike a ciki shi ne, wa ke yanka albashi, awa nawa za a yi ana aiki, in an kori mutum ina zai kai kuka, in an yi yajin aiki wa zai zauna da wa a sasanta. Yawancin aikinsa tare ya yi da matarsa Gunilla Andrae, ita ma malama ce, masaniyar labarin ƙasa da masana'antu. Saboda haka in kun ji na ce Beckman ya ce, sau da yawa su biyu ne suka ce.

ƘUNGIYAR DA TA CI 'YA'YANTA

A Gana ya fara. Littafinsa na farko ya fito cikin 1976, sunansa da Turanci Organising the Farmers, watau shirya manoma cikin ƙungiya. Labarin wata babbar ƙungiyar manoman koko ne wadda jam'iyyar Kwame Nkrumah ta kafa cikin 1953. Da fari abin gwanin daɗi. Aka ce ga bakin manoma, ga wadda za ta raba su da 'yan baranda da kamfanonin Turawa masu danne sikeli. Bayan samun mulkin kai cikin 1957 Gwamnati ta ce ba ta san wata ƙungiyar manoma ba sai ita. Cikin 1961 kuma aka ba ta ikon sayen koko ita kaɗai, duk sauran masu saye aka sallame su.

To, ku ji abin da ya biyo baya. Cikin 1959 shugabannin ƙungiyar suka tashi suka ce wai manoma sun yarda, don kishin ƙasa, a rage kuɗin lodin koko daga sule 72 zuwa sule 60. Manomin da ke cikin daji da adda a hannu, a rediyo ya ji wai ya yarda. Kafin ƙarshen 1965 lodin nan ya koma sule 40. Akawunan da ƙungiya ta zuba a rumfunan awo kuwa suka zama sarakuna, su ne awo, su ne rubutu, su ne biya, in sun ga dama su ce kuɗi bai iso ba ka dawo jibi. Ni akawu ne, ba na zagin akawu, amma duk inda mai awo shi ne mai rubutu, kuma ba mai duba littafinsa, kun san sauran. Ba wurin da manomi zai kai kayansa in ba can ba, ba kuma wurin da zai kai ƙara, domin wadda za ta tsaya masa ita ce ke cutarsa. Da soja suka tumɓuke Nkrumah cikin Fabrairu 1966 aka rushe ƙungiyar, manoma ba su yi mata zaman makoki ba.

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin hukumar sayen gyaɗa da auduga a Arewa, sa'ad da a ke yanka wa manomi farashi a Kaduna, ragowar ribar a yi abin da a ka ga dama da ita. Sai cikin 1986 aka soke hukumomin nan. Abin da Beckman ya ƙara mana shi ne ya bi takardun ƙungiyar da lissafinta, ya nuna yadda abu mai sunan manoma ya zama igiyar da Gwamnati ta ɗaure manoma da ita.

Cikin 1978 ya zo Zariya, ya kama koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna har 1987. Zariya ta lokacin nan kuwa tukunya ce a kan wuta. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman yana can, ga samarin malamai da ɗalibai masu zafin kai, kullum gardama a kan me ya hana ƙasar nan ci gaba alhali ga kuɗin man fetur. Da yawa suka ce laifin Turawa ne, attajiranmu da manyan Gwamnati 'yan aike ne kawai, bayin kamfanonin waje. Beckman ya rubuta cikin 1981 da 1982 ya ce a'a, a sake dubawa. Ya ce masu kuɗin ƙasar nan sun fara tsayawa da ƙafarsu, suna da tasu bukata, kuma hukuma tana yi wa jari hidima ne, na gida da na waje gaba ɗaya. An yi masa ca a kan wannan magana. Ni dai a ganina ya faɗi abin da kowane ɗan dako ya sani tun bai iya karatu ba: buhu ba ya rage nauyi don mai shi ɗan garinku ne, kuma in ya hana ka ladanka, da Hausa zai hana ka.

BAKOLORI DA BURODI

Yanzu mun zo kusa da gida. Kun san gulbin Sakkwato ya taso daga gabas, ya biyo ta ƙasar Talata Mafara, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, sa'an nan ruwan ya gangaro ya wuce Argungu da Birnin Kebbi. A kansa aka gina dam na Bakolori, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin, aka gama cikin 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka ta da dubban mutane. Waɗanda ke ƙasan dam kuwa aka shiga gonakinsu da katafila ana baje su don noman rani, suka yi damina ba shuka, itatuwansu suka tafi, iyakokin gado suka ɓace. Da aka mayar musu da filin sai aka ce ga abin da za ku shuka, ga lokacin da za ku shuka. Diyya kuwa wani ya samu kaɗan, wani an rubuta sunansa wani ya karɓe.

Manoma suka gaji. Daga ƙarshen 1979 suka riƙa tare hanyoyi, suka hana ma'aikata da motoci shiga wurin aiki, sun ce sai an biya su. Cikin Afrilu 1980, zamanin mulkin Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi ƙauyukan suka ƙidaya sun ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙan su. Beckman ya bi diddigin al'amarin, ya rubuta shi cikin 1985, ya nuna ba jahilci ba ne ya sa manoma suka ƙi, lissafi suka yi suka ga ana ɗauke musu ikon gonarsu ana ba hukuma da 'yan kwangila. Wani malamin Ingila kuma mai suna Adams ya auna abin da dam ya yi wa fadamun da ke ƙasa da shi, ya tarar ambaliyar da ke shayar da shinkafa ta ragu, kifi ma ya ragu. Wannan ba sai an karanta wa Bakabe a littafi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Bakolori shi ne, mutanen nan sun iya haɗa kai. Wanda ya tsare hanya wata da watanni ba a ce masa bai san shiri ba. Amma ba su da wata ƙungiya da doka ta sani wadda dole hukuma ta zauna da ita a tebur. A Gana akwai tebur, amma wanda ya zauna a kai ba na manoma ba ne. A Bakolori ga manoma tsaye da kansu, amma babu tebur, sai bindiga.

Me ya sa a ke ta gina manyan dam ɗin nan, Bakolori da Tiga da aikin tafkin Chadi? Ɗaya daga cikin manyan dalilan da aka bayar shi ne alkama. Nan ne littafinsu ya shigo, The Wheat Trap, watau tarkon alkama, wanda ya fito cikin 1985. Mu nan Arewa mun daɗe da alkama, amma 'yar kaɗan ce, ta alkaki da finkaso da taliyar sallah. Burodi kuwa abincin birni ne da ya bazu bayan da aka kafa babban injin fulawa a Apapa ta Ikko a farkon shekarun 1960. Lebura da ke sammakon aiki ba shi da lokacin jiran tuwo, sai ya sayi burodi da shayi. Da kuɗin mai ya shigo, ga alkamar Amurka da araha, kafin a farga ƙasar nan tana sayo fiye da tan miliyan guda kowace shekara. Sai aka ce to, mu noma tamu da ruwan dam. Beckman da matarsa suka yi lissafi suka ce wannan hanya ba ta ɓullewa. Alkama tana son sanyi, mu kuwa hunturunmu gajere ne, kuɗin da za a kashe a sami buhu guda a nan ya ninka na sayowa, kuma ko an cika dukan filayen ba za a kusanci abin da gidajen burodi ke ci ba. Shawararsu ita ce a mai da ƙarfi ga abincin da ƙasar ke bayarwa da kanta, dawa da gero da masara da rogo da shinkafa. Cikin 1987 Babangida ya hana shigo da alkama, aka yi ta fasa-ƙwaurin fulawa ta kan iyaka, cikin 1992 aka janye hanin. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren cikin 2022, mai shayi a bakin tashar Argungu ya ji shi a kuɗin burodi.

MASAƘUN KADUNA DA NA KANO

Babban aikinsu a kan ma'aikata shi ne littafin da ya fito cikin 1998, Union Power in the Nigerian Textile Industry, watau ƙarfin ƙungiya a masaƙun Nijeriya. Sun fi shekara goma suna tattara shi. Lokacin ya riga ya koma Jami'ar Sitokholm, amma ba su daina zuwa ba. Suka shiga masaƙu, suka yi magana da masu saƙa da manajoji, suka zauna a ofishin ƙungiya suna karanta fayil ɗaya bayan ɗaya, rahoton kowace rigima da kowace kora. Irin wannan aiki ba ya sa a yi wa mutum tafi, amma shi ke raba mai ilmi da mai baki.

Samari ba su ga Kakuri da ranta ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna cikin 1957, sa'an nan su Nortex da UNTL da Arewa suka biyo cikin shekarun 1960. In an busa jiniyar canjin aiki sai ka ga kekuna kamar fara. Audugar Funtuwa da Gusau can ta ke tafiya, atamfar da iyayenmu mata ke ɗaurawa daga can ta ke fitowa. Cikin 1978 Gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata suka zama manya 42, da uwar ƙungiya NLC a bisansu, kuma aka sa doka a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki tana cikinsu, hedkwatarta a Kaduna, kuma daga 1982 babban sakatarenta shi ne Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, ya kuma yi gwamnan Edo.

Ku lura da kyau a nan. Ita ma wannan ƙungiya daga sama aka ƙera ta, da dokar soja, kamar dai ta Gana. Kuɗi na shigo mata ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Duk wanda ya karanta littafin farko zai ce ga wata igiyar kuma. Ga shi kuma lokacin wahala ne, kuɗin mai ya faɗi, ba kuɗin waje na sayen auduga da kayan gyaran inji, aka yi ta rage ma'aikata, sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Kowa ya ɗauka ƙungiya za ta mutu. Abin mamakin da suka tarar shi ne, cikin wannan tsanani ne ma ta ƙara kafuwa. Ta shiga masaƙun da dā ba a barinta ta leƙa. Ta sa masu masaƙu suka riƙa sa hannu a yarjejeniya guda da ta ɗaure kowa. Da Gwamnati ta hana ƙarin albashi sai ta zagaya ta nemi kuɗin mota da na haya da na abinci da na sallama. Mafi girma duka, manaja ya daina korar mutum da baki kawai, sai an bi ƙa'ida, an rubuta, an saurari wakili.

Yaya aka yi ta bambanta da ta Gana? Amsar da suka bayar tana ƙasa, a cikin ɗakin inji. Kowace masaƙa tana da reshe, ma'aikata ne ke zaɓen shugabannin reshe daga cikinsu, kuma suna kayar da su in sun ga sun fara cin abinci a ofishin manaja. Ma'aikatan kuma ba su jiran izinin kowa kafin su kashe inji. Saboda haka manaja da kansa ya gane gara ya yi magana da ƙungiya da ya wayi gari da tarzoma, shugabannin ƙungiya kuma suka gane in ba su kawo wani abu a hannu ba, fushin kansu zai juyo. Ya kuwa juyo. Cikin Mayu 1993 ma'aikata suka far wa hedkwatar ƙungiyarsu a Kaduna suka yi mata ɓarna, a kan zargin an yi musu ƙwange a maganar ƙarin albashi. Ba na yaba ɓarna, kuma ginin da kuɗinsu aka yi shi. Amma shugaban da ya san mutanensa na iya zuwa har ƙofarsa ba ya barci irin na wanda ya san ba mai tambayarsa.

Sun kuma gwada Kaduna da Kano, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. A Kaduna masaƙu manya ne, na Gwamnati da na manyan kamfanonin waje, ma'aikata kuwa yawancinsu baƙi ne da suka yi makaranta, albashin nan shi ne rayuwarsu. A Kano da yawa ƙanana ne, na Kwarori da attajiran gari, kuma mai masaƙa ya ɗauki kansa uban gida. Yaronsa ne ya kawo ka aiki, shi zai ba ka ɗan abin suna ko na magani in ya ga dama, ranar da ka ambaci ƙungiya kuwa ka zama butulu, ka kama hanya. Ma'aikacin Kano kuma sau da yawa yana da 'yar gona ko sana'a kusa, in abin ya ishe shi sai ya tafi abinsa maimakon ya tsaya a yi ta ta ƙare. Don haka ƙungiya ta sha wuya a Kano fiye da Kaduna. To, mu nan wanne muka fi kama da shi? Kowa a nan yana da uban gida a kasuwa, wanda ke ba shi kaya bashi, ko ya ba shi kuɗin taki ya karɓi shinkafa da kaka a farashin da ya yanka tun rani. Alherinsa gaskiya ne, ba na musu. Amma alherin da ba a rubuta ba, ranar da aka ɓata ba ka da abin nunawa.

Akwai ɗan ƙasarmu a cikin labarin nan. Farfesa Attahiru Jega, mutumin Jega, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a ASUU daga 1988 zuwa 1994, zamanin da soja suka haramta ta har sau biyu, cikin 1988 da 1992, amma duk da haka sai da Gwamnati ta zauna da ita aka sa hannu a yarjejeniya cikin Satumba 1992. Cikin 1995 shi da Beckman suka rubuta maƙala tare a kan malamai da ɗalibai da neman mulkin dimokuraɗiyya. A shekarun nan Bankin Duniya yana kallon ƙungiyoyin ma'aikata a kan 'yan tsiraru ne masu son kansu da ke hana gyara. Beckman ya yi ta ja da wannan. Ya ce inda talaka ke koyon zaɓe, da bin tsarin mulki, da tuhumar shugaba, a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne, kuma shi ya sa soja ke fara rushe su. Babangida ya rushe shugabancin NLC cikin 1988 ya naɗa kantoma, Abacha ya maimaita cikin 1994.

Yanzu ga inda ni na ke ganin littafin bai hango nesa ba. An buga shi cikin 1998 da sunan ƙarfin ƙungiya. Cikin 2002 KTL ta rufe. Cikin 2007 UNTL ta rufe ƙofarta a Kaduna, dubban mutane suka koma gida. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar Sin da ke kwararowa ta kan iyaka, su suka gama da masaƙu, wasunmu kuwa a nan mun sayar da atamfar nan mun ci riba, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Ƙungiya ta iya hana manaja zalunci, amma ba ta iya hana masaƙa mutuwa ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun mutu suna jira.

Shi ma bai kau da kai daga wannan ba. A ƙarshen aikinsu shi da matarsa suka koma wajen masu aikin hannu, suka binciki ƙungiyoyin teloli a Ikko, suka buga cikin 2013. Dalili kuwa, da masaƙu suka mutu sai ƙungiyar masaƙu ta juya tana neman teloli su shigo cikinta. Suka tarar teloli ba jira su ke a zo a shirya su ba. Suna da nasu tsari tun da daɗewa, na ɗaukar yaro koyo da yaye shi, da sasanta rigimar tela da mai kaya, da taimakon juna a biki da rasuwa, da zuwa wajen ƙaramar hukuma a kan haraji. Kuma bukatar tela dabam ta ke da ta mai albashi. Shi ba shi da manajan da zai yi wa yaji. Abokin ƙararsa mai karɓar kuɗin rumfa ne, da mai wuta, da mai shigo da gwanjo, wani lokaci kuma shi kansa uban gidan yaransa ne.

Wannan ita ce irin tamu. Cikin Nuwamba 2015 a Birnin Kebbi aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance, kuma ta hannun ƙungiya aka bi da shi. Cikin 2017 aka buɗe babban injin shinkafa a Argungu, 'ya'yanmu sun fara zama masu albashi a ƙofar gida. Saboda haka abin da ya faru a Gana da Kakuri ya iso mana. Duk ƙungiyar da za ta karɓi sisinka a kasuwar nan, ka tambayi yaushe aka zaɓi shugabanta, kuma yaushe za a sake zaɓe. Ka tambayi wa ke riƙe da littafin kuɗi, ko mai karɓa ne ke rubutawa, kuma ko za a karanta lissafin da Hausa a gaban kowa. In an ce an je Birnin Kebbi an amince da wani farashi da sunanka, ka tambayi ranar da aka tara ku kuka yarda. In mai shirya ƙungiyar shi ne kuma mai sayen kayanku, ku nemi a raba kujerun nan biyu tun ba a fara awo ba.

Littattafan nan da Turanci a ke da su, kuma Turancin jami'a, mai wuyar tauna. Na ɗauki alkawari, in Allah ya yarda, zan juya babin da ya gwada Kano da Kaduna zuwa Hausa, mu karanta shi a nan kaɗan kaɗan bayan kasuwa, wanda ya taɓa aikin masaƙa cikinku ya gyara mana inda Bature ya kuskure. Na ga magariba ta gabato. Wanda ya ke da tambaya ya tashi, a fara da iyayenmu mata masu shinkafa, don su sami komawa gida da wuri.